Sawu Goma Sha Biyu a Kan Kwali

Sau ɗaya a shekara ake barinsa ya taɓa 'yarsa, kuma ƙafarta kawai. Ni ce mai shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, saboda haka ba labari aka ba ni ba, da idona na gani. Da hantsi yake zuwa, da 'yar jakarsa ta fata a hammata, ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman aiki, har sai an ce ya shigo. Yayata ta leƙo daga kicin ta ƙwala wa yarinyar, Lele, kira, ta ce ta fito ga Mai Takalmi ya zo. Da wannan sunan Lele ta san shi, da shi kuma duk unguwa ta san shi, domin mun yi iya ƙoƙarinmu kada a san shi da wani.

Mu uku iyayenmu suka bari, duk mata: Yaya, sai ta tsakiya, sai ni auta. Ta tsakiyar ce matarsa. Ta haifi Lele, ta kwana tara, ta rasu. Yaya kuwa mako uku kafin nan ta binne nata jaririn, na huɗu ke nan da ta binne, nononta na zuba babu mai sha. Ba a yi wani dogon zama ba, aka ɗauki marainiya aka ɗora a cinyar wadda ta rasa ɗa, kowa ya ce Allah ne ya haɗa su. Riƙo aka ce, da bakinta ta faɗa, zuwa lokacin da yarinya za ta yi ƙwari. Abu ɗaya ta roƙe shi tana kuka: kada ya gaya wa yarinyar komai, ya bari ita ta gaya mata da kanta. Shi kuwa a ranar ko hannunsa aka ce ya yanke ya bayar zai bayar, ya rantse mata. Bayan wata shida aka canza wa mijin Yaya wurin aiki, muka tattara muka koma wata unguwa can ƙarshen gari inda babu wanda ya san mu, har da ni da keken ɗinkina a ɗakin baya. Maƙwabta suka ga mace da goyo suka yi mata barka, Yaya kuma ta amsa.

Shi ba ya awo da tef. Kwali yake yankowa daga jikin katon, ya shimfiɗa a ƙasa, ya sa yarinya ta taka, ya zaro fensir daga bayan kunne ya zagaye ƙafar a hankali, daga dunduniya zuwa yatsu, ya dawo. Sai ya danna bayan ƙafar da babban yatsansa ya ji tudunta, ya laluba idon sawu, ya tsaya a kan ƙaramin yatsan hagu da ya ɗan hau kan ɗan'uwansa. Irin yatsan uwarta ne sak, kuma nan yake bar wa takalmi fili. Aikin minti biyar ne, amma sai ya ja shi ya kai rabin awa. Ya fiƙe fensirin da ba ya bukatar fiƙa, ya ce kwalin ya karkace a sake, ya tambaye ta sunan malamarsu da abin da aka koya musu jiya. Lele tana ta ƙyalƙyala dariya wai yana mata cakulkuli. In abin ya yi wa Yaya tsawo, ba ta magana, tari take yi daga bakin kicin, ɗan gajere, busasshe. Yana jin tarin nan yake naɗe kwalinsa ya miƙe. Bayan mako biyu ni nake zuwa shagonsa in karɓo takalman.

Ba zan yi wa Yaya ƙarya ba, yarinyar nan ba ta san wahala ba. Lele ma ita ta sa mata, don gata. Ba ta taɓa ɗora mata tallan komai ba, ba ta bar ta da yunwa ba, zazzaɓi kaɗan sai ta goye ta a guje zuwa asibiti, ƙafa ba takalmi. Mutane suna jin labarin ɗan riƙo sai su tuna da duka da wanke-wanke da kwana a kicin. Namu gidan bai yi ko ɗaya ba. Mu uba muka sace mata, muka bi satar da madara da sababbin riguna, har muka manta sata ce.

Duk shekara in zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi ƙasa da murya ya tambayi Yaya ko lokaci ya yi. Duk shekara kuma da amsarta a shirye. Da fari cewa take a bari yarinya ta yi wayo. Da ta yi wayo ta ce a bari ta saba da makaranta. Da ta saba ta ce ga jarrabawa ta taho, kada a ruɗa mata ƙwaƙwalwa. Wata shekara ita Yayar ce jininta ya hau, likita ya hana ta tashin hankali. Mijinta kuwa, wanda Lele take kira Abba, mutum ne mai son zaman lafiya irin wanda ba ya cin masa komai. In aka kawo maganar gabansa sai ya kakkaɓe jaridarsa ya ce wannan sha'anin mata ne, shi dai ya san yarinya ba ta rasa komai ba, a faɗa masa abu ɗaya da ta rasa. Ni ma ina da tawa hujjar, kada in wanke kaina. A gidansu nake ci, a gidansu nake kwana, kuma ina tsoron idon Yaya tun ina ƙarama.

Akwai kuma wani abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Ina sonsa. Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai lura ina sake ɗankwali sau biyu in zan je karɓar takalmi, ina kuma zama a bencin shagonsa fiye da yadda karɓar saƙo ke bukata, ina kallon yadda yake soka basilla ya ja zare da haƙori. Shi ma ya sani, ba yaro ba ne. Shekarar da Lele ta cika bakwai na cire kunya na ce masa ɗakinsa na bukatar mace. Ya daɗe yana goga gam a ƙasan wani takalmi bai ɗago ba. Daga baya ya ce in ya aure ni, Yaya za ta ce dabara muka ƙulla don mu karɓe yarinya, ta rufe masa ƙofa gaba ɗaya, kuma wannan rabin awar ita ce duk abin da ya mallaka. Ya ce in yi haƙuri sai an gaya wa Lele. Na yi haƙurin. Masu zuwa neman aurena suka zo suka gaji suka daina.

Shekarar da ta cika goma sha biyu ya zo kamar kullum, na shimfiɗa tabarma, ya fito da kwalinsa. Yaya ba ta kira Lele ba. Ta fito da kanta tana goge hannu da gefen zane, ta tsaya a kansa.

"Bana ba sai ka auna ba. Yarinya ta fara zama mace. Me mutane za su ce in suka leƙo suka ga ƙato ya riƙe mata ƙafa a tsakar gida?"

Ya ɗago ya dube ta kamar bai ji da kyau ba. "Yaya, ni ne fa."

"Na san kai ne. Ita ta sani? Maƙwabta sun sani?"

Nan fa na ga yadda ƙarya take girma ta yi haƙora. Mu muka mai da shi baƙo, yanzu kuma muna hukunta shi da dokar baƙi. Na jira ya tashi ya yi faɗa, ya buga ƙafa, ya kira yarinyar da ƙarfi ya faɗa mata. Bai yi ba. Ya mai da fensirin bayan kunne, ya naɗe farin kwalin da babu komai a kansa, ya ce to, Allah ya raya ta. Lele tana ɗaki tana rera waƙar makaranta, ba ta ma san ya zo ba.

Daga nan aka koma awon zare. Ni nake ɗora zare a tafin ƙafarta in ƙulla a inda ya tsaya, in kai masa. Ya karɓa ya juya shi a hannu ya ce zare tsawo kawai yake faɗa, ba ya faɗin faɗi, ba ya faɗin tudu, bai san komai game da yatsan nan ba. Duk da haka ya ɗinka, da ƙiyasi, yana duba tsofaffin kwalayen yana ƙarawa. Takalman suka fara matse ta. Ta sa na farko kwana biyu ya tayar mata da ƙurji, ta ce ita dai a saya mata na kanti irin na 'yan ajinsu, wannan na tsofaffi ne. Yaya ba ta jira an roƙe ta sau biyu ba. Nasa kuwa sai a jefa su saman kwaba, shekara bayan shekara, ƙura tana hawa.

In ya tambaye ni sai in ce tana sawa, ta ma ce a gode masa. Shekara ta uku ya ce in kawo masa na bara ya ga inda ya cinye, don a ƙasan takalmi ake karanta tafiyar mutum. Na rasa yadda zan yi. Na sauko da su na zauna a bayan gida ina goga ƙasansu a kan siminti har hannuna ya gaji, na shafa musu ƙasa, na kai masa ina jin na yi wayo. Ya kife ɗaya a tafin hannunsa, ya bi shi da yatsa daga gaba zuwa baya. Ko minti ɗaya bai yi ba.

"Wannan ba tafiya ce ta cinye shi ba," in ji shi. "Ko'ina ya ci daidai. Babu mai tafiya haka."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa hannu cikin takalmin ya laluba inda ya bar wa yatsan fili, ya ji fatar lafiya lau kamar ranar da ya ɗinka ta, ya ajiye shi a gefe. Ranar ban iya zama a bencin ba, na dawo gida ina kuka a hanya kamar wadda aka yi wa mutuwa.

Bayan wannan ne ya fara zuwa makarantarsu. Ba ya shiga, ba ya magana da kowa. Akwai wata bishiya a tsallaken titi, daura da ƙofar da 'yan mata ke fitowa. Nan yake tsayawa lokacin tashi, ya rufe shagonsa a tsakiyar ciniki ya hau mota biyu don ya zo. Daga baya ya gaya mini tafiyarta kawai yake son gani, ya san yadda take taka ƙasa yanzu, ko zai gyara ɗinkin. Na yarda da shi rabi. Wata uku yana haka kafin ta lura.

Muna cin abincin rana ta faɗa. Ta ce akwai wani mutum da yake tsaya mata kullum yana bin ƙafafunta da kallo, har ƙawayenta sun fara tsokanarta, kuma in ba idonta ne ya yaudare ta ba, Mai Takalmin nan ne da yake zuwa da. Ta ce ita tsoro yake ba ta. Cokali ya tsaya a hannun Yaya. Na zuba mata ido, na ce a raina yau dai dole ta faɗa, ba sauran wurin ɓuya. Ta kai cokalin baki, ta tauna, ta haɗiye, ta ce wa Lele ta riƙa fita ta ɗaya ƙofar. Mijinta ya ce ta kwantar da hankalinta, zai yi maganin abin. Ni kuma na tashi na kwashe kwanuka.

Maganin da ya yi shi ne ya je wajen samarin da ke zama a bakin gareji kusa da makarantar, ya ce musu akwai wani da ke bibiyar 'yarsa. Kalmar da ya yi amfani da ita ke nan, 'yarsa. Washegari da rana tsaka suka rufe shi a gindin bishiyar. Mai sayar da lemo da ke wurin ta ce sun yi ta tambayarsa me ya haɗa shi da 'yar mutane, suna duka suna tambaya, shi kuwa ya rufe kansa da hannuwa yana cewa shi mai takalmi ne. Kalma biyu ce za ta cece shi, ya ce 'yata ce, amma ya riƙe rantsuwarsa. Wani ya sauke masa ƙarfen taya a ƙeya.

Da na same shi a asibiti kansa naɗe da bandeji, ido ɗaya a kumbure, abin da ya fara ce mini shi ne ya ga tafiyarta sosai, tana taka gefen ƙafar hagu kamar uwarta, a gaya wa Yaya ta daina saya mata masu tsini. Na dawo gida na tsaya a tsakiyar falo na faɗa musu abin da suka yi. Mijin Yaya ya ce shi cewa ya yi a tsorata shi kawai, bai ce a taɓa shi ba, kuma wa ya aike shi ya je ya tsaya wa 'yan mata a titi? Yaya ta ce yanzu kam ai magana ta ƙara lalacewa, in aka gaya wa yarinya a wannan halin za ta ɗauki alhakin a kanta, ta haukace. Don ita ake yin shiru. Ko da yaushe don ita ake yi.

Raunin ya warke daga waje. Daga ciki kuwa sai abin ya yi ta cinsa a hankali. Ciwon kai ya fara, sai rawar hannu, basilla ta riƙa kuɓuce masa tana sokarsa. Ya manna ƙasan hagu a takalmin dama, mai shi ya zo ya zazzage shi a gaban mutane. Ya karɓi aiki ya manta wa ya kawo. Masu kawo gyara suka janye ɗaya bayan ɗaya, har ya zama sai ya wuni a shago ba wanda ya yi masa sallama sai ni. Wani ɗan'uwansa ya ba shi ɗaki a bayan gidansa, mai taga ɗaya, kusa da inda ake shanya. Kullum da rana nake kai masa abinci. Yaya ta san inda nake kai kwanon, ba ta taɓa tambaya ba, amma in na juya baya sai ta ƙara tsokar nama a ciki ta rufe. Iyakar tubanta ke nan shekara huɗu. Shi kuwa wata rana ya gane ni, wata rana ya kira ni da sunan marigayiya, wata rana ya tambaye ni gyara na kawo ko sabo nake so.

Lele ta cika ashirin, ta gama karatu, wani yaron kirki ma'aikacin asibiti ya fito neman aurenta, aka sa rana. A makon ne mai shagon ya aiko a kwashe kayan Mai Takalmi zai ba wani haya. Na je da safe na tattara guduma da almakashi da gwangwanayen gam da suka bushe. A ƙarƙashin teburin na tarar da jakar fatar nan, a ciki kwalaye goma sha biyu, an jera su an ɗaure da zare, an naɗe da leda kada ruwa ya taɓa. Kowanne da kwanan wata a kusurwa. Na farkon bai kai tsawon yatsana ba. Ranar da ya zana shi ina wurin, uwar tana kwance a gado tana riƙe masa ƙafar jaririyar tana dariya, wai wa ya taɓa ganin an auna wa ɗan kwana uku takalmi.

Da la'asar saurayin ya zo gaisuwa, muna falo gaba ɗaya. Hira ta yi daɗi, aka gangaro kan labarin makaranta, sai Lele ta ce ai ita har mahaukaci ta taɓa yi, wani tsoho mai gyaran takalmi da ya ƙwallafa rai a kan ƙafafunta, sai da samari suka koya masa hankali. Ta kwaikwayi yadda yake sunkuyar da kai yana leƙen ƙasa. Saurayin ya yi dariya don ya faranta mata, Abbanta ya yi murmushi a bayan jarida. Yaya tana kallon bango.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ɗauko jakar, na kwance zaren, na fara jera kwalayen a ƙasa tun daga bakin ƙofa, ƙarami sannan na bi masa, ɗaya bayan ɗaya, har na goma sha biyu ya tsaya a gaban kujerar Yaya. 

"Mahaukacin nan ubanki ne," na ce. "Uwarki ƙanwar Mama ce, yayata, ta rasu kina da kwana tara. Waɗannan ƙafafunki ne. Su ne duk abin da muka bar masa."

Lele ta yi 'yar dariya, tana jiran wani ya ce wasa nake. Babu wanda ya ce. Ta sauko daga kujera ta durƙusa, ta ɗauki na ƙarshen, ta ga inda fensir ya ɗan lanƙwasa ya zagaye yatsan da ya hau ɗan'uwansa. Ta dubi ƙafarta. Sannan ta juya.

"Mama, gaskiya ne?"

"Ni na shayar da ke. Ni na goye ki."

"Ba wannan na tambaye ki ba." Muryarta ba ta tashi ba, ƙasa ma ta yi. "Ranar da na ce yana ba ni tsoro, kin san ko wane ne?"

Yaya ta buɗe baki, shekara ashirin ba ta taɓa rasa amsa ba, ranar ta rasa. Mijinta ya fara cewa ai komai don alherinta aka yi, Lele ta dube shi sau ɗaya, ya haɗiye sauran. Saurayin ya miƙe a hankali ya ce zai dawo gobe da mota, ya kai ta duk inda take son zuwa. A nan na san ba ta yi zaɓen banza ba.

Da safe muka tafi. Har mota ta tashi sai ga Yaya ta fito da mayafi a karkace, idanu a kumbure, ta buɗe ƙofa ta shiga. Lele ta matsa jikin taga ta bar fili tsakaninsu. Da muka isa, Yaya ta tsaya a waje wajen igiyar shanya, mu biyu muka shiga.

Yana zaune a bakin katifa, rigar jiya ce a jikinsa, fensir a bayan kunne. Wannan kam bai taɓa mantawa da shi ba. Lele ta tsaya a ƙofa ta daɗe, sannan ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba." Ya waiwaya bayansa ya ga wa ake kira. Ta sake faɗa, hawaye na zuba, ya dube ni da alamar tambaya, ya ce baiwar Allah nan wa take nema?  Sai na zaro farin kwali daga jakar, wanda ya naɗe ya tafi da shi shekara takwas da suka wuce, na shimfiɗa a ƙasa, na ce masa awo ta zo. Lele ta cire takalminta ta taka.

Ya sunkuya, hannunsa ya tafi kunne ya zaro fensir kamar yadda ya saba. Idonsa ya sauka a kan ƙaramin yatsan. Na ga fuskarsa ta sauya, wani abu ya waye a cikinta. Ya miƙa hannu har ya kusa taɓawa, sai ya janye da sauri ya ɓoye hannuwan biyu a tsakanin cinyoyinsa.

"A'a. Ta girma. Yaya ta hana."

Lele ta ce ita ce ta yarda, ta roƙe shi, ta kamo hannunsa. Ya fizge, ya matsa jikin bango yana girgiza kai, yana maimaita cewa Yaya ta hana, a kawo zare kawai. Ya manta sunana, ya manta hanyar shagonsa, ya manta yadda ake riƙe basilla, amma wannan bai manta ba.

Ban ji shigowarta ba, inuwarta kawai na gani ta rufe hasken ƙofa. Yaya, wadda ban taɓa ganin ta durƙusa wa kowa ba, ta zube a kan simintin nan da gwiwa biyu.

"Ni ce, Yaya. Na janye. Na sake ka daga rantsuwar da ka yi mini. 'Yarka ce, ka auna ta. Na cuce ka, na cuce ta, ka yafe mini in za ka iya."

Ya daɗe yana dubanta, kamar mai son tabbatarwa ba gwada shi ake ba. Maganar yafiya ban ga alamar ta shige shi ba. Izinin kawai ya ji. Ya matso a hankali, ya ɗora tafin hannunsa a bayan ƙafar, ya danna tudunta da babban yatsa.

Tun da labari ya fita, mutanen unguwa har yau suna yaba wa Yaya, suna cewa ta riƙe marainiya kamar ta cikinta, kuma ba ƙarya suke ba. Ni dai na san riƙo aka ba mu muka mai da shi mallaka, kuma ba mutum ɗaya ya yi ba. Ɗaya ta yi don tsoron sake rasa ɗa, ɗaya don kada a dame shi, ni don kwanon abinci da ɗakin baya. Babu wanda ya ɗaga masa murya a cikinmu, da ladabi muka gama da shi, muna cewa a bari sai baɗi. Da baɗin ya zo, wanda ake yi wa alkawarin ba ya nan sai gangar jikinsa. Lele ta koma zuwa wurinsa kullum, tana kiransa Baba, wata rana ya amsa, yawanci ya waiwaya. Tana kiran Yaya Mama har yanzu, amma akwai ɗan shiru da take yi kafin ta faɗa, kuma Yaya tana jin shirun.

Awon ranar bai yi kyau ba. Hannun na rawa, layin ya fita daga hanya ya dawo, babu takalmin da za a iya yankawa da shi. Amma bai yi sauri ba. Da ya kai rabi ya tsaya ya ce fensirin na bukatar fiƙa, na miƙa masa reza, ya fiƙe shi a nutse. Ya tambaye ta sunan malamarsu, ta faɗa masa tana kuka. Can sai ya ɗan saci kallon inda Yaya take, irin kallon da yake wa bakin kicin, yana jiran tarin da zai tashe shi. Kukan da take haɗiyewa ya shaƙe ta, na ga tarin ya taso mata har wuya. Ta cusa gefen mayafinta a baki ta danne da hannu biyu, idanunta suka yi ja, ba ta bari ya fito ba. Shi kuma ya mai da kansa ƙasa ya ci gaba da zagaye ƙafar.